Ordinatar Baba Ta Yi Shiru

Ƴan uwa masu bin labarina, yau ba da dariya na zo muku ba. A bayan rumbunmu nake tsugune ina rubuta wannan a gurguje, in kun ga harafi ya karkace ku yi min uzuri.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Marwa. A Gidan Rumji nake, ni da mahaifina da ƙanwarsa Gwaggo Talatu. Mahaifina shi ne Mushe Ayuba, haka muke kiran malamin boko a nan, wanda ya koyar da rabin garin nan a lakol kafin ya ajiye alli. Har gobe in ya ratso kasuwa, magidanta masu furfura sai ka ga sun gyara tsayuwa suna ɓoye taba a bayansu.

Wanda nake so kuma sunansa Muzammil, ɗan garin Sae Sabuwa, mai rumfar gyaran salula da ordinata, wato kwamfuta, kusa da tasha. Magabatansa sun aiko cewa ranar Asabar za su zo tambayar aurena. Baba bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Cewa ya yi, "Ƙofa a buɗe take, ko akuya shigowa take yi." Wanda ya san Baba ya san wannan albishir ne. Gwaggo har guɗa ta yi a cikin madafa, ƙasa ƙasa, don kada ya ji.

To sai ordinata ta shigo tsakani.

Tsohuwar ordinata ce baƙa, gefenta ɗaya an ɗaure da salatif. A ɗakin Inna mahaifiyata take kwana, naɗe cikin kallabinta mai ruwan ƙasa. Kafin Inna ta rasu tana da ɗan shiri na mata a ƙaramin gidan rediyon garinmu, kuma wani ma'aikacin wurin ya zuba wa Baba abin da ya rage na muryarta a cikin ordinatar. Kada ku zaci wata magana ce mai daɗi. Yadda ake ajiye wake da toka don kada ƙwari su ci, yadda ake shanya kuɓewa, irin waɗannan. Amma kullum in Baba ya dawo daga sallar asuba sai ya shiga ɗakin, ya ɗora ordinatar a kan matashinta, ya kunna, ya zauna a ƙasa da kofin shayinsa. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar jana'iza. Abin da nake ji ta labule shi ne yana mata gyara.

"Asiya, kin cika sauri. Wa zai gane ki haka?"

Ita kuma tana ta bayanin tokarta.

Da ordinatar ta fara nauyi, tana ɗaukar tsawon dahuwar shayi kafin ta buɗe ido, Muzammil ne ya karɓa ya sauke tsohon tsarin da ke cikinta ya zuba mata Linux. Ya yi wa Baba bayani da zumuɗinsa, wai wannan ba na kamfanin kowa ba ne, mutane ne a duniya suka haɗu suka rubuta shi, kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya gyara. Baba ya dube shi ta saman tabarau.

"Abin da ba na kowa ba, in ya cuce ka gun wa za ka kai ƙara?"

Muzammil ya yi dariya. Bai san ba a yi wa Baba dariya ba.

Ordinata dai ta warke, ta koma kamar yarinya, Inna ta ci gaba da magana kowace safiya. Har zuwa farkon makon nan.

Ina wanke-wanke na ji shirun. Ɗakin da ya kamata a ce ana batun wake, babu motsi.

"Marwa."

"Na'am, Baba."

"Zo ki ga aikin surukina."

Na shiga da kumfa a hannu. A kan allon, ɗan layin nan yana tafiya abinsa, alamar Inna tana magana. Amma ko tari ba ya fitowa. Baba ya danna nan, ya danna can, ya ɗaga ta ya kara a kunnensa kamar mai gwada kankana. Sai ya ajiye ta a hankali.

"Ga na kowa ya cinye min mata."

"Baba, bari in kai masa ya duba."

"Ki kai wa wa?" Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. "Yaron nan ba zai sake taɓa ta ba, ko da hannu ko da baki. In muryar uwarki ta dawo kafin Asabar, su zo. In ba ta dawo ba, ki aika musu kada su ƙona esansin motarsu a banza."

Gwaggo Talatu tana bakin ƙofa, ta riƙe haɓa. "Ni dai Yaya, tun da anka sa ranar ga nike mafarkin Asiya ta juya man baya. To ga shi ta yi shiru. Ba ta son yaron ne."

"Talatu, na'ura ce."

Ya faɗa, amma ni na ga idonsa. Mutumin da ya karanta littattafai cike da akwati biyu, sai ga shi yana duban matashin Inna kamar mai jiran ta ba shi amsa. Lallen da Gwaggo ta kwaɓa don ranar Asabar ya bushe a cikin ƙoƙo, babu wanda ya sake kallonsa. Atamfata shuɗiya mai zanen ganyen gyaɗa, wadda tela ya kawo da ƙamshin guga, na cusa ta ƙasan akwati don in daina ganinta.

Baba ya ɗauki ordinatar da kansa ya kai wa wani mai gyara a bayan kasuwar dabbobi. Mutumin ya juya ta, ya ga tsarin da bai saba da shi ba, ya ce sai dai a wanke ta tas a zuba sabo. Baba ya tambaye shi ko shi ma haka aka yi masa lokacin da ya yi zazzaɓi. Ya naɗe kayansa ya dawo.

Haka muka kai Juma'a.

Bayan la'asar Baba ya sa farar rigarsa da hula ya tafi majalisarsu ta gindin bishiyar bedi. Gwaggo ta baje a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a faifai. Na ɗauki tsintsiya na ce zan share ɗakin Inna. Na shiga na saki labule, na warware kallabin, na rubuta wa Muzammil.

"Ya fita. Ina gabanta. In yau ba ta yi magana ba shi ke nan."

"Gimbiya, numfasa tukuna. Ekutar ɗinki tana kusa?"

A nan sai na gaya muku wani abu. Salulata ta taɓa faɗawa cikin randa, tun daga nan ba ta iya raɗa ba, duk saƙon muryar da na kunna sai ta yi shela kamar mai tallan magani. Shi ya sa Muzammil ya haɗa min hirarmu da ordinatar, ya kuma ba ni ƴar ekutar fara, irin wayar nan da ake cusawa a kunne. In Baba ya fita sai in hau gadon Inna in saurari saƙonninsa ni kaɗai. A cikin ɗankwalina nake ɓoye ta.

Na cusa ta a ramin gefen ordinatar, na kunna shirin Inna.

"...ki tankaɗe tokar da kyau, kada ki bar gawayi, sannan ki zuba waken..."

Sai da na danne bakina da hijabi. Inna ce, a cikin kaina, da ƴar dusashewar nan tata ta mai mura.

"Tana nan! A kunne tana fita!"

"Alhamdu lillahi. To ba ta ɓace ba, lasifika ce aka rufe wa baki. Cire ekutar, ki taɓa alamar sauti da ke sama. Hoton mi kika gani?"

Na cire, na taɓa. Hoton abin kunne ne, ga shi kuma ekutar tana hannuna. Na gaya masa.

"Na gane. Ordinatar tana zaton har yanzu akwai ekutar a jikinta, shi ya sa ta hana lasifika magana. Akwai wani ɗan ƙarfe a cikin ramin da ke gaya mata an sa ko an cire. In aka fizge a karkace yana lanƙwashewa. Wani ya fizge?"

Na zauna ina kallon tambayar. Ana gobe shirun zai fara, ina kwance a gadon nan ina jin Muzammil yana ba ni labarin wata tsohuwa da ta kawo masa rediyo cike da kyankyasai, sai na ji sallamar Baba a zaure, ya dawo ɗaukar tabarau. Na tuna yadda na fizgo wayar, har ordinatar ta biyo ni.

"Ni ce," na rubuta.

Ya turo fuskar dariya. Da ma laifin Linux ne, da ma laifin duniya ne. Na san zan iya miƙa wa Baba ekutar in ce ga Inna nan, saurara. Sai ya tambaye ni ina na samo ta, da kuma mi nake ji da ita a ɗakin matarsa, a kan gadonta. Gara in haɗiye ta.

Na zaro tsinke daga tsintsiya na rubuta, "Bari in zungura ramin."

"KADA. In ya karye a ciki mun shiga uku. Ta ciki za mu bi."

Ya turo hoton maɓallai uku ya ce in danna su tare. Wata baƙar taga ta buɗe, babu hoto babu komai, sai wani ɗan farin abu yana ƙyafta min ido. Wallahi ji na yi kamar na leƙa rijiya. Ya ce in rubuta alsamixer. Na rubuta da yatsa ɗaya, na danna. Ta amsa da wani layi na turanci da ban gane ba.

"Ta ƙi! Na lalata ta!"

"Turo hoto." Na tura. "Kin mance harafi ɗaya, malama ɗiyar mushe. Sake."

Na sake. Sai ga wasu ginshiƙai sun jeru a allon, ƙasansu kore, samansu ja, kamar an tsayar da rake.

"Bi da kibiyar dama har ki kai na lasifika. A ƙasansa za ki ga MM. Wannan yana nufin a rufe yake. Danna M."

Na danna, MM ya koma 00. Ya ce in ɗaga ginshiƙin da kibiyar sama. Na ɗaga shi har ya shige cikin ja, har ya ƙure. Na kunna Inna.

Shiru.

"Marwa!" Gwaggo ce daga waje. "Wace irin shara ce wagga da ba a jin tsintsiya?"

"Ƙarƙashin gado nake, Gwaggo!"

Na kama tsintsiya da hagu ina karzar ƙasa, da dama ina rubutu. "Har yanzu shiru." Saƙon ya tsaya bai tafi ba. Rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke. Ku da kuke zaune a birni ba ku san wannan azabar ba. Na ɗaga salula sama, na kai ta taga, na hau kan akwatin Inna na tsaya da ƙafa ɗaya. Rana ta riga ta sauka kan katangar maƙwabta. In ta faɗa bayanta, Baba zai shigo yin alwala.

Na yi salati, na yi alkawarin azumi. Sai salula ta yi ƙara, amsarsa ta shigo.

"Ci gaba da bin dama, can ƙarshe. Za ki ga Auto-Mute. Shi ne mai gadin da ke rufe bakin lasifika in ya ga ekutar. Danna kibiyar ƙasa ki sallame shi."

Na bi, na same shi, na rufe ido na danna.

"...SANNAN KI RUFE BAKIN TULUN DA LAKA, KADA ISKA TA SHIGA..."

Kwanonin jeren Inna sai da suka amsa. A waje na ji faifai ya kife, gyaɗa ta watse.

"La'ilaha illallahu! Asiya!"

Gwaggo ta faɗo ɗakin ɗankwali a hannu, tana kuka tana dariya. Ban san lokacin da Baba ya shigo gidan ba. Na dai ɗaga kai na gan shi a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a waje. Ya shigo ya zauna a ƙasa inda ya saba, ya saurari shirin har ƙarshe, har inda Inna take gaida matan Gangara da suka aiko mata da tambaya. Da ta gama sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Wa ya gyara?"

"Ni ce, Baba."

"Ke kaɗai?"

Salula tana ƙarƙashin cinyata, tana ƙona ni. "Ni kaɗai."

Ya dube ni irin duban da yake yi wa ɗalibin da ya kawo lissafi daidai ba tare da ya nuna hanya ba. Sai ya miƙe.

"To ki ce su zo. Talatu, ki nemi kaji. Ke kuma kashe ta ki naɗe, magariba ta yi."

Ya fita ya ɗauki buta. Gwaggo ta bi shi tana tsintar gyaɗa tana lissafa waɗanda za a gaya wa. Ni kuwa na zube a gadon. Na rubuta wa Muzammil, "TA YI. Ya ce ku zo."

Nan take saƙon murya ya shigo, ya bayyana a kan allon ordinatar.

Ƴan uwa, an ce in kashe in naɗe. Abin da aka ce ke nan. Amma kwana da kwanaki ban ji muryarsa ba. Na zaro ekutar, na cusa a rami, na toshe kunnuwana biyu da kyau, na juya wa ƙofa baya, na danna.

"Gimbiyata! Wallahi tun safe ko ruwa ban iya sha ba. To Mushe Barkono ya huce?" Sai ya shaƙe murya ya koma Baba sak. "'Muzammilu, a wace lakol aka koya maka gaisuwa?'" Na yi dariya har na dafe ciki. "Saurara, ki bar shi a kan cewa Linux ɗina ne ya yi laifi, ni na saba shan zagi. Kada ki kuskura ki ce masa da ni muka gyara. Kada kuma ya ji cewa ke kika fizge ekutar kina jin saƙona a kan gadon Inna. In ya ji wannan, aurenmu sai a lahira. Af, na kusa mantawa, wannan muhimmi ne. Tunda mun sallami mai gadin nan, yanzu ko kin sa ekutar lasifika ba za ta yi shiru ba, duka biyun za su riƙa magana tare. Don haka kada ki saurari komai a kanta sai na..."

Ban tsaya jin sauran ba. A hankali na zare ɗaya daga kunnena. Muryar Muzammil tana nan cike da ɗakin, da ƙarfin nan da na ƙure da hannuna, tana fita ta taga har tsakar gida.

Na juya.

Baba yana tsaye, buta a hannu, hannun riga a naɗe, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa ɗaya. Ɗayan a bushe yake. A bayansa Gwaggo ta cusa bakin zanenta a baki.

"Baba..."

"Ban ji farkon da kyau ba, ina kurkurar baki. Mayar."

"Baba don Allah..."

"Mayar, Marwa. Ki kuma cire wannan abin daga kunnenki, tare muke ji."

Na mayar. Ya tsaya ya saurara tun daga gimbiyata har ƙarshe, kansa a sunkuye kamar mai karɓar hadda. Da aka zo wurin kwaikwayon sai ya gyaɗa kai.

"Ya iya. Sai dai ni ba na jan gaisuwa haka."

Gwaggo ta yi wani sauti, ban san ko kuka ba ne. Baba ya ajiye butar. Ya dubi gadon, ya dubi inda gwiwata ta lotsa matashin, ya dube ni.

"Kan gadon uwarki."

Iyakar abin da ya ce min ke nan. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Ya miƙo jiƙaƙƙen hannunsa. "Kira shi."

Na kira, na ba shi. Ko ƙara biyu ba ta yi ba aka ɗauka.

"Gimbiya! Yaya Barkono?"

"Yana gaishe ka," in ji Baba.

Na ji wani abu ya faɗi a can rumfar, ƙarfe a kan siminti, ya yi ta gangarawa.

"Kana ji na, Muzammilu? Ka aika Sae Sabuwa, ka ce magabatanka su dakata a gida tukuna. Kai nake son gani gobe da hantsi, kai kaɗai. Ka zo da kayan aikinka. Ka zo min kuma da muryar nan tawa da ka ara."

Ya kashe, ya ajiye min salula a bakin gado. Ya naɗe ordinatar cikin kallabi da kansa, ya saka ta a hammata ya wuce da ita ɗakinsa. Sannan ya dawo ya sake alwala tun daga farko.

Tun daga lokacin bai yi min magana ba. Da asuba na ji muryar Inna daga ɗakinsa, ƙasa ƙasa, amma ban ji yana mata gyara ba. Gwaggo ta kama kajin ta ɗaure, ta rasa ko ta yanka ko ta saki, suna nan kwance a gindin turmi suna kallona. Na aika wa Muzammil saƙo ya fi a ƙirga, amsa ɗaya ya ba ni: "Ina hanya. Yi min addu'a."

Yanzu hantsi ya yi. Daga nan bayan rumbu ina hango zaure. Baba ya sa rigarsa ta zuwa lakol, mai aljihu biyu, wadda rabon da ya sa ta tun yana riƙe da alli. Ya shimfiɗa tabarma ɗaya, ɗaya tak, ya zauna a tsakiyarta, bai bar wa baƙo wuri ba.

Ga babur ɗin Muzammil nan ya tsaya a ƙofar gida.